Amsa: Faskhun aure da saki ba ɗaya ba ne

'Yar'uwa da kika tambaya ko raba auren da alƙali ya yi miki a Jidda saki ne: a'a, faskhu ne. Saki a bakin miji yake. Faskhu kuwa kotu ce ke warware aure saboda dalili, kamar rashin ciyarwa, cutarwa, ko aibin da aka ɓoye.

Dokar iyali ta Saudiyya ta 2022 ta ce faskhu bai cin igiya ko ɗaya cikin ukun. Amma miji ba shi da ikon yin kome, wato ya mayar da ke, a cikin idda. In kun shirya, sai sabon ɗaurin aure da sabon sadaki. Har khul'i ma, wato mace ta biya fansa a rabu, a Saudiyya faskhu ake lissafa shi, saɓanin Malikiyyar da muka saba a gida, inda ake lissafa shi saki. Ki adana takardar hukuncin, za a nema.