Filin Tambaya da Amsa: Kwazazzabo na cin gonata

Tambaya: Malam, duk damina ruwan da ke gangarowa daga tudu sai ya kwashe min taki, kwazazzabo ya kusa cinye kunya goma. Yanzu an kira mu mitin wai a tsara hanyar ruwa, shin akwai amfanin zuwa? Daga wani manomi, Jigawa.

Amsa: Ɗan'uwa don Allah ka je, kar ka tura yaro. Injiniya yana da taswira amma kai ka san inda ruwa ke fara tsaga ƙasa ranar ruwan farko, ka nuna musu wurin da ƙafarka. Ka ja masu gonakin tudu ku tafi tare, don in ba a tare ruwan daga can sama ba duk buhun yashin da ka jera a ƙasa wallahi tafiya zai yi, takinka da maganin feshi kuma su ƙare a rafin da ake sha. A Keita ta jihar Tawa a Nijar, tun 1984 mutanen ƙauyuka, yawanci mata, suka riƙa jera duwatsu a gangare suna dasa itatuwa har fako ya koma gona. Ka kuma tambayi waɗanda suka kira mitin ɗin wa zai riƙa gyara hanyar ruwan in sun tafi, a rubuta a gaban mai gari.