Hukuncin Yawo da Libarba Don Kare Kai, da Irin Wadda Ya Kamata a Zaɓa

Tambaya: Malam, ina yawan tafiye-tafiye da dukiyar mutane a hannuna, kuma ina neman lasisin riƙe libarba. Ya halatta in riƙa yawo da ita? In ya halatta, wace iri zan nema?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Kare rai da iyali da dukiya halal ne. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mai son ƙwace masa dukiya. Ya ce kada ya ba shi; in ya yaƙe shi, ya yaƙe shi; in an kashe shi, ya yi shahada. Don haka riƙe makami da wannan niyya babu laifi, matuƙar hukuma ta ba ka izini, domin Allah ya yi umarni da bin majiɓinta al'amari a aya ta 59 ta Suratun Nisa'i. In ba ka samu lasisin ba, ka haƙura.

Sai dai malamai sun ce ana korar ɗan ta'adda ne da mafi sauƙin abin da zai kore shi. Wanda tsawa za ta kora, ba a zare masa makami. Wanda ya juya da gudu, ba a harbinsa a baya.

To, batun zaɓi. A ganina nan ne nauyin yake, domin yawancin masu tambaya ƙarfin bindiga suke nema, alhali abin da shari'a ta fi tsoro shi ne ta tashi ba ka nufa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsinin su, kada ya ji wa wani Musulmi rauni. Kibiya ke nan fa, ina ga harsashi!

Saboda haka ka nemi ƙirar kamfanin da aka sani, irin su Smith & Wesson ko Ruger, mai ƙarfen kariya a ciki wanda ke hana gudumar bindigar, wato ƙarfen da ke dukan harsashi ya tashi, ta taɓa harsashi sai an ja kunama. Tsofaffin da ba su da shi, faɗuwa ƙasa kawai na iya tayar da su. Ka guji ƙirar da ba a san asalinta ba. In ta hannu ce, ka kai wa masani ya duba ko gangar da ke ɗauke da harsasai biyar ko shida tana tsayawa daidai saitin bututu ba tare da girgiza ba. In ta goce, ɓurɓushin dalma na iya fantsamowa gefe. Alherin libarba shi ne in harsashi ya ƙi tashi, sake jan kunama zai kawo na gaba, kuma taurin kunamarta na rage harbin kuskure. Harsashin .38 Special ya wadatar wa yawancin mutane. Na .357 Magnum a ƙaramar bindiga yana wujijjiga hannu, ga shi yana iya ratsa abin da aka harba ya samu na bayansa. Wanda ya kashe mumini bisa kuskure, aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara, azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu bawan da zai 'yanta ba.

Ka sa ta cikin kube mai rufe kunama gaba ɗaya, ba tsirara a aljihu tare da makullai ba. Ka koyi harbi wurin ƙwararre, ka kulle ta inda yara ba za su kai ba. Kada ka nuna wa kowa ita ko da wasa, domin Annabi ya hana nuna ɗan'uwa da makami, ya ce mutum bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. In kuma ka san kai mai saurin fushi ne, ban halatta maka yawo da ita ba sam. Ka nemi 'yan rakiya.

Wallahu a'alam.