Na canza aksul, mota ta ƙara fizga amma ta ƙi kai 200

Tambaya: Assalamu alaikum Oga, Allah ya ƙara basira. Ina da BMW E36 325i manuwal mai giya biyar. Kwanaki aksul ɗina na baya ya fara kuka, muka sayo na Beljiyam bakanike ya ɗaura. Tun ranar motar ta zama wata iri, ɗan taɓa totur kaɗan sai ta zabura, a lamba wan taya har ƙara take. Amma da na hau babban titi sai na ga a 120 allurar rpm, wato juyin inji, ta kusa 4,000 inji na ta ihu, da kuwa ba haka take ba, shan mai ma ya ƙaru, kuma da na gwada ƙure ta ko 200 ba ta kai ba inji ya fara yankewa. Wani abokina ya ce ƙarfi ta ƙara in bar ta haka, wani ya ce in sa manyan tayoyi, wani kuma ya ce turbo ne maganinta. Don Allah me ya faru, kuma akwai yadda zan riƙe fizgar nan ban rasa gudun ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Toh injinka dai lafiyarsa ƙalau kuma ko ƙwayar ƙarfi ɗaya bai ƙara ba, doki 192 ɗin da kamfani ya ba shi su ne dai har gobe. Aksul ɗin da aka ɗaura maka ne lissafin haƙoransa ba irin na wanda aka cire ba ne. 325i manuwal da 3.15 take zuwa, kai kuma daga alamomin da ka faɗa, 120 a kusan 4,000 da yankewa ƙasa da 200, kusan tabbas 3.91 aka ba ka, wanda ake samu a wasu masu atomatik. A ido kamarsu ɗaya, kusoshi ma duk su shiga daidai, shi ya sa mai shago da bakanike ba wanda ya damu ya duba.

Wannan 3.15 ɗin ma'anarsa farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, ta juya sau 3.15 kafin taya ta juya sau ɗaya. A 3.91 kuma sai ta juya kusan sau huɗu. In ka taɓa ganin ɗan acaɓa ya sa babban sufuroket a baya don hawan tudu da ɗaukar kaya to abin ɗaya ne, babur zai tashi da ƙarfi amma da wuri zai ƙure. Giya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, musaya kawai take yi, ta karɓi juyi ta ba ka murɗawa ko ta karɓi murɗawa ta ba ka juyi, kuma duk abin da ta ƙara maka a nan sai ta zare shi a can.

Bari mu buga lissafin da motarka. Giyabos ɗinka lamba wan kusan 4.2 ce, ta biyu 2.5, ta uku 1.66, ta huɗu wajen 1.2, ta biyar 1.00 cif wato inji da farfela juyinsu ɗaya. Ninka giyar da kake ciki za ka yi da aksul. A lamba wan da tsohon aksul 4.2 sau 3.15 ya ba ka 13.2, da sabon kuma 16.4. Injin nan ƙarfin murɗawarsa 245 Nm ne, kaga da yana kai wa tayoyi wajen 3,200 yanzu kuma wajen 4,000, in aka ajiye ɗan abin da ke ɓacewa a hanya. Ƙarin kashi 24 cikin 100 kenan a kowace giya, shi ne wannan zaburar da kake ji a bayanka, ba ƙarya ba ce, da gaske take turawa.

Gudun kuma fa? Tayar da ta zo da motar, 205/60R15, juyi ɗaya tana cin ƙasa kusan mita 1.97. Inji yana yankewa wajen 6,500. Da 3.15 a giya ta biyar wannan ya kama kusan 244 a takarda, kamfani kuma 233 ya rubuta mata. Da 3.91 kuwa 6,500 ɗin nan a 196 ko 197 take cika, shikenan kwamfutar mota ta yanke mai, ko da inji na da sauran numfashi babu inda zai kai shi. A 120 da allura tana wajen 3,200, yanzu 3,970. Ga ihun ga shan man, duk daga nan ne.

Yanzu ga wurin da yawancin samari masu gyaran mota ba sa lura da shi, kuma ni a wajena shi ne zancen gaba ɗaya. Ana cewa gajeriyar giya irin 3.91 ta fi fizga, eh a giya ɗaya da giya ɗaya haka ne, amma ai a titi ba lambar giya ake gwadawa ba, gudu ake gwadawa. Da tsohon aksul lamba tu tana kai ka kusan 97 kafin ka canza. Da sabon a 78 ta ƙare dole ka shiga ta uku. To ɗauki ku biyu kun jera da mai irin motarka da bai taɓa komai ba, kuna 85. Shi yana lamba tu har yanzu, ninkinsa 7.9, inji na tsakiyar ƙarfinsa. Kai kana ta uku, ninkinka 6.5, allura ta faɗo ƙasa. A wannan tsakanin, daga 78 zuwa 97, shi ne ya fi ka ja wallahi, duk da kai ne mai "gyararriyar" mota. Da ya shiga ta uku a 97 sai ka sake fin sa, har 118 inda taka ta ukun za ta ƙare alhali tasa sai wajen 147. Haka za ku yi ta karɓa-karɓa, ribarka ta gaskiya tana wajen tashi daga tsaye da kuma lokacin da kake cikin giya babba ka taka totur ba ka sauko ba. Kuma kowane canjin giya lokaci yake ci, ƙafa kan kuloci mota ba ta ja. Tashin ma in taya tana ƙara tana hayaƙi to ƙarfin nan a hayaƙi yake tafiya ba a gaba ba, tayar da ta riga ta kasa riƙe murɗawar 3,200 Nm ba abin da 4,000 zai ƙara mata sai cinyewa.

Ka kuma duba wani abu, tsohuwar giyarka ta huɗu sau 3.15 tana ba da wajen 3.8, sabuwar ta biyar kuma 3.91. Kenan yanzu in kana ta biyar kamar da kana ta huɗu ne. Giyar tafiyar nesa ce kawai aka ɗauke maka.

Kar kuma ka ce to bari in juya abin, in nemo doguwar giya, wato aksul mai lamba ƙasa da 3.15, in yi ta gudu. 328i manuwal da 2.93 take zuwa, in ka ɗaura shi takarda za ta ce maka 262. Ba za ka gani ba. A wannan gudun iska ce abokiyar faɗanka, kuma ƙarfin da ake buƙata don keta ta ba a hankali yake hawa ba, ka ninka gudu sau biyu sai ka nemo ƙarfi sau takwas. Daga 233 zuwa 262 kaɗai sai an ƙara wa inji wajen kashi 40 cikin 100. Don haka za ta tsaya kusan inda take da, ɗari biyu da talatin da 'yan kai, tashi kuma ya yi sanyi. In ka ƙara tsawaita ta fiye da haka ma gudun raguwa zai yi, saboda allura ba za ta iya hawa inda ƙarfin yake ba, shi wannan injin a 5,900 yake ba da dukkan dokinsa. Shi ya sa motoci da yawa masu giya shida a ta biyar suke ƙure maleji. Corvette C5 ta Amurka misali, ta shidanta 0.50 ce, an yi ta ne don tafiya shiru da rage shan mai, iyakar gudunta a ta biyar take yinsa. Kaga iyakar gudu iri biyu ce, akwai wadda giya ta tsayar da kai, irin taka yanzu, akwai wadda iska ta tsayar da kai, irin ta da.

Daga nan za ka gane amsar mai cewa turbo. Ka sa turbo ka kai doki 300, muddin aksul 3.91 ne kuma inji na yankewa a 6,500 to 197 ɗin nan dai ita ce, sai dai ka riga kowa isa wajen. Asali ma mota mai turbo doguwar giya ta fi yi mata daɗi, don ƙarfin yana da yawa kuma tana son a bar ta ta daɗe tana ja a giya ɗaya, lamba wan a 16.4 da turbo ba abin da za ka yi da ita sai ƙona taya.

Mai cewa manyan tayoyi shi yana da 'yar gaskiya, babbar taya tana tsawaita giya. Amma don ka maido kashi 24 sai tayar da tsayinta ya tashi daga milimita 627 zuwa wajen 780, wannan ai tayar Hilux ce, ba inda za ta shiga a E36. Kuma babban rim ba shi ne babbar taya ba, in ka sa rim 17 da siririyar taya tsayin yana nan kusan yadda yake. Masu Hilux da Land Cruiser su matsalarsu a juye take, mutum ya tashi daga taya inci 29 zuwa 33 don rairayi, giya ta tsawaita da wajen kashi 14, mota ta mutu a tudu kuloci ya fara wari, sai an sauko da aksul daga irin su 4.10 zuwa 4.56 ko 4.88 sannan ta dawo hayyacinta, kuma a mai jan ƙafa huɗu dole gaba da baya a canza su iri ɗaya in ba haka ba wani abu zai karye. Taya tana kuma sa maleji ƙarya. Aksul a motarka bai sa ba, don na'urar auna gudun E36 a jikin aksul ɗin take tana ƙirga juyin tayoyi, abin da ka gani a allura shi ne dai kamar da.

Hanyar samun duka biyun akwai, tsada ce da ita. Giyabos mai giya shida wadda ta shidanta ke ƙasa da 1.00, irin ta BMW M3 mai 0.83. Ninka 3.91 da 0.83 ka samu 3.25, kusan inda kake da, ga fizga a ƙananan giyoyi ga shiru a tafiya. Sai dai ba giyabos kaɗai za ka saya ba, farfela sai an canza ko an yanke ta, mazaunin giyabos, sandar giya, wani lokaci har kuloci, kuma bakaniken da zai yanke farfela ya daidaita ta ba ta girgiza ba shi ma sai an tona. Wani abu da aksul ba ya taɓawa ko kaɗan shi ne tazarar da ke tsakanin giyoyi, daga wan zuwa tu allura za ta faɗo daga 6,500 zuwa wajen 3,900 ko wane aksul ka sa, wannan aikin haƙoran cikin giyabos ne. Masu Golf da Civic da Corolla kuma ku sani naku aksul ɗin a cikin giyabos yake, duk wanda ya ɗaura giyabos ɗin wata motar daban, musamman na dizal a kan injin fetur, zai iya wayar gari da irin wannan mamakin, shi nasa sai dai ya ji mota ta yi nauyin tashi.

Ni dai in tawa ce kuma da ita nake zuwa aiki nake tafiyar Kano zuwa Kaduna, 3.15 zan mayar ko in nemi na tsakiya wajen 3.46, a 120 allura na wajen 3,500, ƙarshenta wajen 220, fizga ta ƙaru da kusan kashi 10. In kuma don wasan mota ka ajiye ta, juyi a fili a lamba tu da ta uku, to bar 3.91 ɗinka, masu wannan harkar nemansa suke da kuɗinsu. Batun 200 kuwa, doka 100 ta ba ƙananan motoci a manyan titunanmu, ga ramuka ga shanu ga tirela ba fitila, ni ban ga inda za ka yi amfani da 233 ɗin ba balle ka yi kewarta. Shan mai da ihun inji a tafiya su ne abin dubawa.

Kafin ka kashe ko sisi ka tabbatar da lambar tukuna. A jikin murfin aksul na baya akwai ɗan ƙaramin ƙarfe da kusa ɗaya ta riƙe, ka goge datti da tsumma da ɗan fetur za ka ga lambar a buge, in akwai S a gabanta to mai kulle tayoyi biyu ne, wannan kar ka yarda a karɓe maka shi a banza. In ƙarfen ya ɓace, sa giya a furi, ka tokare tayoyin gaba da dutse, ka ɗaga tayar baya ɗaya da jak ɗayar na ƙasa, ka ja layi da alli a taya ka ja wani a farfela. Juya tayar sau biyu cif wani na leƙe yana ƙirga juyin farfela. Uku da ɗan ɗori 3.15 ne, saura kaɗan huɗu 3.91 ne. In tayar ta ƙi juyuwa mai kulle ne, sai ka ɗaga duka biyun ka juya sau ɗaya. Bakanike in ya buɗe zai iya ƙirga haƙora ma, babba 43 ƙarami 11 shi ne 3.91, 41 da 13 kuma 3.15. Kuma in za ka koma kasuwa musaya ka tafi da tsohon naka a gwada girman kwanon, don na 318i ƙarami ne a kan na 325i, lambarsa za ta iya yi maka daidai amma ba zai jure injin silinda shida ana taka shi yadda kake takawa ba.