Amsa: mesolve na jan ƙafa, kuma sakamakon bai dace da awo ba

Ɗan'uwa, ka ce kana lissafin kubit ɗaya (tsarin kwantum mai matakai biyu) da aka haɗa da rezoneta (na'ura mai riƙe foton a wata mita) a QuTiP, manhajar Python ta lissafin kwantum, mesolve (aikin da ke bin sauyin tsarin a kan lokaci) yana ɗaukar lokaci, lanƙwasar da ke fitowa ba ta yi kama da ta ɗakin gwaji ba, har kana tunanin sauya manhaja. Shawarata, kar ka sauya tukuna. A irin wannan matsala da wuya laifin ya zama na manhaja. Yawanci yana cikin lambobin da aka ba ta, ko kuma tun farko an zaɓi lissafin da bai dace da tsarin ba.

Fara da c_ops, wato jerin ofaretocin da ke nuna yadda tsarin ke zubewa zuwa muhalli. Abin da ake sakawa sqrt(kappa)*a ne, ba kappa*a ba, domin lissafin Lindblad, wanda mesolve ke warwarewa, yana ninka ofaretan da kansa (kappa shi ne saurin zubewar rezoneta, a kuma ofaretan rage foton). Idan kappa 0.01 ne ka manta sqrt, zubewar ta koma 0.0001, wato ta ragu sau 100, kuma manhajar ba za ta ce maka uffan ba. Haka ɓacewar fes: ofaretanta sqrt(gamma_phi/2)*sigmaz() ne, shi gamma_phi kuwa ana samo shi daga 1/T2 = 1/(2T1) + gamma_phi, inda T1 lokacin zubewar kuzarin kubit ne, T2 kuma lokacin ɓacewar fes gaba ɗaya. Da yawa suna saka 1/T2 kai tsaye, sai a ƙirga gudummawar T1 sau biyu. Akwai kuma wani tarko da ke kama har ƙwararru: a QuTiP, sigmam() yana kai basis(2,0) zuwa basis(2,1), destroy(2) kuma akasin haka yake yi. Ka gauraya su, sai ka ga kubit yana hawa maimakon sauka.

Sai ma'auni. QuTiP ya ɗauki ħ a matsayin 1, don haka gigahaz 5 yana nufin 2π sau 5, kusan 31.4 a kowane nanodaƙiƙa. Nan ne ma tushen jan ƙafar da kake kuka da shi: kana sa kwamfuta ta bi kaɗawa 5 a kowane nanodaƙiƙa har tsawon maikirodaƙiƙa 50, kaɗawa 250,000 ke nan. Ka koma firam mai juyawa, wato ka cire babbar mitar, ka bar bambancin mita da g (ƙarfin haɗin kubit da rezoneta) kaɗai. Ƙara nsteps (iyakar takun da mai warwarewar zai yi) yana kashe saƙon kuskuren ne kawai, aikin na nan yadda yake. In kana da gajeren bugu a tsakiyar dogon shiru, ka sa max_step ya yi ƙasa da faɗin bugun, in ba haka ba mai warwarewar zai tsallake shi bai ma san da shi ba.

Yanke matakan rezoneta shi ma sai an kula. In matsakaicin adadin foton 10 ne, adadin matakai N = 12 ba zai isa ba, ka fara daga 30. Duba yawan da ke cikin matakin ƙarshe a duk tsawon lokacin, ba a ƙarshe kaɗai ba, sannan ka ninka N ka sake gudu. In amsa ta motsa, ba ka gama ba. Zafi ma kar ka raina shi: a gigahaz 5, foton na zafi kusan 0.000006 ne a milikelbin 20, amma a milikelbin 100 ya kai 0.1. A nan dole ka saka ofareta biyu, sqrt(kappa*(n+1))*a da sqrt(kappa*n)*a.dag(), inda n shi ne adadin foton na zafin.

In duk wannan daidai yake kuma har yanzu babu dacewa, to a nan ake tuhumar lissafin kansa. Siffar da Lindblad, da kuma Gorini, Kossakowski da Sudarshan suka fitar a 1976 tana ɗauka cewa muhalli ba ya riƙe tarihi, kuma haɗinsa da tsarin mai rauni ne. Duba g ɗinka. In ya kai kashi 10 cikin 100 na mitar rezoneta, ofaretocin a da sigmam na yau da kullum suna yin ƙarya: za su fitar da tsarin daga halinsa na ƙasa ko da zafi sifili ne, abin da ba ya faruwa a zahiri. Nan brmesolve, mai warware lissafin Bloch-Redfield a QuTiP, ya fi, domin yana aiki da ainihin matakan kuzarin tsarin gaba ɗaya, sai dai ka riƙa duba ƙimomin aigen na rho (jadawalin da ke bayyana halin tsarin), don wani lokaci suna faɗawa ƙasa da sifili. In kuwa muhallin yana da dogon tuni, sai dabarun da ke lissafa tunin: HEOM na Tanimura da Kubo, na 1989, wanda ke cikin QuTiP, ko TEMPO da ke cikin manhajar OQuPy. HEOM yana da tsada a ƙaramin zafi, saboda yawan sharuɗɗan Matsubara da yake buƙata. Ka gwada na Padé, sun fi saurin daidaituwa, kuma ka riƙa ƙara max_depth (zurfin matakan HEOM) ɗaya bayan ɗaya har lanƙwasar ta daina motsi.

Inda sauya kayan aiki ke da ma'ana shi ne girma. Jadawalin rho na kubit 10 megabait 16 ne, na kubit 14 gigabait 4, alhali bektar hali ta kubit 14 kilobait 256 ce kacal. Shi ya sa mcsolve, wanda ke bin bektar hali zubi-zubi ya ɗauki matsakaici, ke ceto a manyan tsare-tsare, amma kuskurensa yana raguwa ne da 1/sqrt(ntraj), ntraj kuwa adadin zubin ne: zubi 500 ya bar maka kusan kashi 4 zuwa 5 cikin 100, kashi 1 kuwa sai zubi 10,000. QuantumOptics.jl na Julia da dynamiqs mai gudu a GPU duk suna da kyau, amma naka tsarin 2 sau 30 ne, girma 60, ko tsohuwar laftof za ta iya da shi.

Kafin ka taɓa komai, sa g = 0, ka fara da kubit a sama, ka tabbatar yawansa ya sauka zuwa 0.368 daidai a lokacin T1. In bai yi ba, turo mana Hamiltoniyan da c_ops ɗinka mu duba tare.