Kullum sai ya ce in je in ga gidan facalata

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina gajiya, ya iyali? Na daɗe ina karanta shafinki, ina jin matsalolin mutane ina cewa Allah ya kyauta, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan rubuto ba. Don Allah ki sakaya sunana, domin dangin mijina suna karantawa.

Shekarata 16 da aure, a Kano muke, gidan haya. Maigidana ba ya duka, ba ya ashar, ci da sha bai rage mu da komai ba daidai ƙarfinsa, wannan ko a gaban waye zan faɗa. Magana ɗaya ce ya riƙe, ita ce take neman kashe ni da raina: "Ki je ki ga gidan Yaya." Yaya wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Idan ya tarar da kwanuka a tsakar gida, ki je ki ga gidan Yaya. Idan abinci ya yi latti, gidan Yaya. Ko hularsa ya nema bai gani ba, a gidan Yaya ba a neman abu. Wallahi Gwaggo har mafarkin gidan nan nake yi.

Bari in ba ki labarin ranar Litinin da ta wuce kawai. Na tashi tun kiran sallar farko. Na kunna gas, ya yi fuu ya mutu, ashe ya ƙare. Na jawo kurfoti, ashana ta sha ruwa saboda an bar ta a bakin wurin wanke-wanke, sai da na leƙa ta katanga na ari ta maƙociyata. Tukunyar da zan dafa ruwan shayi da ita ita ce ta tuwon jiya, ƙanzo ya bushe ya kama kamar siminti, na tsaya kankara da cokali. Ɗan garuwa bai zo ba, jarka ɗaya ta rage, ga mutum huɗu za su yi wanka. Ɗana na biyu yana kuka safarsa ƙafa ɗaya ta ɓata. Babban yana tsaye a kaina wai ban goge masa wando ba. Ina cikin haka babansu ya fito yana neman makullin babur, makullin da shi ya ajiye da hannunsa, ya dubi tsakar gidan ya girgiza kai ya ce wannan gida kamar tashar mota, a gidan Yaya ƙarfe bakwai yara sun karya sun fita kamar ba a yi komai ba. A gaban yaran ya faɗa. Na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na sayi kwandunan roba kala-kala na zuba kaya, kwana uku suka koma wurin wasan yara. Na mayar da tashina ƙarfe huɗu, abin da na samu ciwon kai ne. Ina kallon matan nan na waya da suke nuna kicin ɗinsu fes, komai a jere cikin kwalba, in ce ni wace irin mace ce. Ga zoɓo da kunun aya da nake yi na sayarwa, da shi nake sayen sabulu da 'yan kunnen auta, shi ma yana cin rabin yinina. Allah bai ba ni 'ya mace da wuri ba, ukun farko duk maza ne, 14, 11 da 8, sai auta mace mai shekara 3 da ba ta isa komai ba, don haka ni kaɗai ce ba ni da mataimaki. Shara ni, wanke-wanke ni, wanki ni, aiken markaɗe ne kawai nake samu su je, shi ma sai na yi ta magana.

Ita kuma facalar tawa, ban ce ta yi min komai ba, amma na san tana jin daɗin abin. Ranar wani suna a gidan surukarmu, ana hira aka zo kan aikin gida, ta yi wani murmushi ta ce ai tsari ne kawai, mace idan tana da tsari ba ta wahala. Ba ta kalle ni ba, amma kowa a ɗakin ya san da wa take. Shekara 16 ina bauta a gidan nan, a ce har yau ban iya riƙe gida ba? Ni da na yi jinyar mahaifiyarsa wata biyu a ɗakina, lokacin ita mai tsarin tana ina?

Yanzu idan na ji ƙarar babur ɗinsa da yamma gabana faɗuwa yake, in hau tura kaya ƙarƙashin gado. Gwaggo, in kai ƙara wurin Hajiya mahaifiyarsa ne, ko in zubar da girmana in je in tambayi facalata sirrin? Ko dai da gaske ni ƙazama ce ban sani ba? Ki faɗa min gaskiya, ba zan ji haushi ba.

Taki,
Uwar yara huɗu, daga Kano

Wa alaikumus salam 'yata.

Masu bin shafin nan sun san ba na yanke hukunci da jin baki ɗaya. Ban ji ta bakin maigidanki ba, ban ji ta facalarki ba, don haka ba zan goyi bayan kowa ba. Amma namijin da zai auna matarsa da matar wansa a gaban 'ya'yanta, bayan ya ɓatar da makullinsa da hannunsa, ba sai na jira jin ta bakinsa ba kafin in ce bai kyauta ba.

Ke ba ƙazama ba ce. Ƙazama ba ta tashi ƙarfe huɗu. Sai dai na karanta wasiƙarki sau uku, kuma duk sau ukun wuri ɗaya nake tsayawa, wurin da kika wuce da gudu kamar ba komai: wai ba ki da mataimaki, saboda ukun farko maza ne. Na ƙirga, 'yata. Hannu shida ne a gidanki, masu lafiya, suna cin tuwo sau biyu a rana. Ɗan shekara 14 yana tsaye a kanki yana jiran ki goge masa wando, ke kuma kina durƙushe kina kankarar ƙanzo, kuma a duk wasiƙar nan ba shi ne ya ba ki haushi ba, facalarki ce. Ina ganin an ɗora miki jinka ke kaɗai, kina ta mamakin me ya sa hannu ɗaya ya kasa ɗauka.

Nan zan juyo gare ku, iyaye mata da kuke karantawa, domin wannan cutar ba a gidanta kaɗai take ba. Wa ya ce muku namiji ba ya aikin gida? Ku leƙa bakin titi. Mai wanki da guga namiji ne. Mai shayi da ke wanke kofi ɗari kafin hantsi namiji ne. Mai tsire ya fi ni da ku iya yanka albasa. Mai wankin hula, ɗan garuwa, kuku a otal, duk maza. Wato idan da kuɗi a ciki aikin ya halatta, idan don a sauƙaƙa wa uwar da ta haife shi ne sai ya zama abin kunya. Almajiri ɗan shekara goma yana wanke kayansa da kansa, naku kuma yana jiran a nemo masa safa. Gobe zai tafi makarantar kwana ko bautar ƙasa a wata jiha, ba za ki bi shi da dutsen guga ba. Jibi kuma ya auri 'yar mutane ya ce mata ta je ta ga gidan Yaya. Mu muke renon irin mazan da muke kuka da su. Kuma kada wata ta kawo min addini, domin a cikin Bukhari an tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita.

To, mu dawo kan Litinin ɗinki. Duk abin da ya same ki da safen nan, tun daren Lahadi ya faru. Tukunyar tuwo, da zarar kin kwashe malmala ta ƙarshe ki zuba mata ruwa tun tana da zafi, kafin a gama cin abinci ƙanzon ya saki da kansa, wanda ke son sa ya ci da ruwan miya. Wanke ta aikin na biyun ne, bayan isha'i, shi da kwanukan dare, ba a kwana da su. Babban shi ne mai ruwa da guga: kafin ya kwanta ya duba jarkoki, idan sun yi ƙasa ya nemo ɗan garuwa tun da magariba, ya goge kayansa da na ƙannensa ya rataye. Ɗan shekara takwas ya share tsakar gida, ya jera takalma, ya tura safar kowa cikin takalminsa. Gas da garwashi kam kada ki bar shi ya taɓa. Safa kuma, daga yau ki riƙa saya musu kala ɗaya iri ɗaya, ƙafa ɗaya ta ɓata wata ta maye gurbinta. Ni sai da na haifi na biyar na gano wannan, har yau ina jin haushin shekarun da na yi ina rarrafe a ƙarƙashin gado.

Ashana ki sa ta a gwangwanin madara mai murfi. Ranar da aka cika gas ki rubuta kwanan watan da alli a jikin bango, bayan cikawa biyu kin san kwana nawa tukunyar gas ɗinki take yi miki, ba zai sake mutuwa a kanki da asuba ba. Ki samu ƙusa ki buga a bayan ƙofa, ta makullin babur ce, ki nuna wa mai babur ɗin ita cikin ladabi sau ɗaya.

Tunda kin ambaci markaɗe, ki daina aika yaro inji kullum. Lokacin sanyi zuwa farkon zafi, sa'ad da tumatirin rani na wajen Kadawa yake cika kasuwar 'Yankaba, ku haɗa kuɗi ke da maƙociyar da ta ara miki ashana ku sayi kwando. Rabi ki yanka ki shanya ya zama kauɗa, shi zai cece ki da damina lokacin da tumatir ke zama zinariya. Rabi ki markaɗa da tattasai da attaruhu, ki tafasa har ruwan ya ƙone, ki soya da mai. Wanda zai kwana biyu ki riƙa ɗumama shi safe da yamma tunda wutar lantarkinmu ba abin dogaro ba ce. Kwandunan roba da kwalaben matan waya kuwa ki bar musu, yawancinsu kusurwa ɗaya suke gyarawa su ɗauki hoto.

Zan gaya miki tun yanzu, makon farko sai kin ji kamar ki karɓe ki yi da kanki. Kwano zai fito da maiƙo, wando zai fito da kari biyu, babban zai kumbura fuska ya ce abokansa za su yi masa dariya. Ki daure ki mayar masa da kwanon ya sake. Uwar da ta ce kawo nan ba ka iya ba, ta sayi aikin nan har ranar da za ta yi masa aure.

Kada ki fara da Hajiya. Kaka ce, tana jin an ce jikokinta maza suna wanke-wanke za ta ce kin mayar da su bayi, ki koma kina kare kanki a shari'a biyu. Da maigidan za ki fara, kuma ba da safe ba lokacin da kowa ke kan wuta. Ki bari ya ci ya ƙoshi, yara sun kwanta, ki ce, Baban yara, ina son gidan nan ya gyaru kamar yadda kake so, amma sai ka tara su da bakinka ka raba musu aiki, domin maganarka ta fi tawa nauyi a wurinsu. Namiji yana son a ba shi sarauta. Idan ya karɓa, sai ki ƙara da cewa maganar gidan Yaya tana yi miki ciwo, musamman a gaban yara. Sau ɗaya, ba kuka, ba tone-tonen jinyar mahaifiyarsa, wannan ladanki ne kada ki ɓata shi da gori.

Facalarki kuma, e, ki je. Ba ki gaya min ko tana da 'yar aiki ba, ko 'yammata manya, ko rijiyar burtsatse a tsakar gida, ko ita ma tana dafa zoɓon sayarwa. Na san kin san amsoshin, kin ɗauka ba su da muhimmanci ne. Ki ɗaura mata zoɓo mai sanyi ki kai mata ziyara, amma kada ki je da hantsi lokacin da aka gama gyara. Ki je bayan magariba, ki zauna inda kike hango wurin wanke-wanke, ki ga waye yake durƙushe a gaban tukwanen. Ki rubuto min abin da kika gani.

Gwaggonki