Hukuncin kashe kiyashi idan sun addabi kicin

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, tun da zafin nan ya shigo kiyashi da shazumamu suka hana ni sakat a kicin. Gwangwanin sukari, madarar yara, zumar maigida, har tukunyar miyar da na rufe ta kwana, ko'ina sai na tarar sun ja layi. Shekaranjiya suka hau shimfiɗar jaririna suka ciccije shi. Raina ya ɓaci, na bi layinsu har raminsu a gindin bango, na tafasa ruwa na ɗura musu, sauran na fesa musu magani. Da na ba Hajiya mahaifiyar maigida labari sai ta ce na yi saɓo, don Annabi (SAW) ya hana kashe tururuwa. Gaskiya ne? Idan haka ne akwai kaffara a kaina? Sukarin da suka mutu a ciki kuma, in zubar ko in yi amfani da shi? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya ba yaro lafiya, ya raya shi.

'Yar'uwa, Hajiya ba ta ƙagi magana ba. Abu Dawuda da Ibnu Majah da Imamu Ahmad sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya hana kashe halittu huɗu: tururuwa, ƙudan zuma, alhudahuda, da wani tsuntsu da Larabawa ke kira suradu, dangin suda. Hadisi ne ingantacce. Tururuwa kuma halitta ce da Allah ya sa wa sura guda sunanta a Alƙur'ani, Suratun Namli, ya hakaito mana a aya ta 18 yadda ɗaya daga cikinsu ta ce wa 'yan'uwanta su shige gidajensu kada Annabi Sulaimanu da rundunarsa su tattake su ba tare da sun sani ba. Don haka asalin hukunci shi ne a ƙyale su. Mutumin da ya ga tururuwa na jan hatsinta a bakin hanya ya sa takalmi ya murje ta haka kawai, ya aikata abin da aka hana, yaro ma idan aka ga yana yi a kwaɓe shi.

Sai dai hanin bai hau kan wadda ta shigo gida tana ɓata abinci tana cizon jarirai ba. Malamai sun bi hanya biyu wajen bayanin haka, kuma duk biyun sun sauka a kicin ɗinki.

Imamul Khaɗɗabi, wanda ya rasu a shekara ta 388 bayan hijira, da ya zo sharhin wannan hadisi ya ce wani jinsi na musamman ake nufi, manyan nan masu dogayen ƙafafu, saboda cutarwarsu kaɗan ce. Bagawi ya bi bayansa ya ce ƙananan da Larabawa ke kira zarru ya halatta a kashe su. A nan Bahaushe ya ci riba da harshensa, don mu ba suna ɗaya muke kiransu da shi ba: akwai tururuwa mai tara hatsi a fili, akwai cinnaka, akwai gwano, akwai kwarkwasa, akwai shazumamu, akwai kiyashi. Kiyashin da ke shiga gwangwanin sukari shi ne ya fi kusa da abin da suke kira zarru.

Hanya ta biyu ita ce ta malamanmu na Malikiyya, kuma ita na fi natsuwa da ita, don ba ta ɗora wa uwargida aikin tantance jinsin ƙwaro ba. Ta rataya hukuncin a kan cutarwa. Duk wanda ya sauke Risala a zaure ya wuce ta kan maganar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a babukan ƙarshe, inda ya ce babu laifi, in Allah ya so, a kashe tururuwa idan ta cutar kuma aka kasa haƙuri da barinta, amma da ba a kashe ta ba shi ya fi soyuwa a gare mu. Dubi yadda ya auna kalmominsa. Ya halatta, ya sa sharaɗin cutarwa, ya sa sharaɗin kasa kauce mata, sannan bai bar mai karatu ya tashi ba sai da ya nuna masa abin da ya fi. Tushen wannan fahimta kuwa sananne ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha umarnin kashe fasiƙan dabbobi biyar ko a cikin Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Abin da ya haɗa su shi ne cutar da mutane, malamai kuma suka yi ƙiyasin duk mai cutarwa a kansu. Ga kuma hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa: ba cuta, ba cutarwa.

Akwai malaman da suka tsaya kan zahirin hanin, Imamun Nawawi ya hakaito haka daga mazhabarsu ta Shafi'iyya. Wanda ya ɗauki wannan don tsantseni ba a zarginsa. Amma ba za a tilasta wa mace mai goyo ta zuba ido kiyashi na cin ɗanta ba.

To saura hadisin da ya fi ba mutane tsoro, wanda nake jin shi ne a ran Hajiya. Abu Huraira ya ruwaito, Bukhari da Muslim suka fitar, cewa wani Annabi cikin Annabawa ya sauka ƙarƙashin bishiya, tururuwa ta cije shi, ya sa aka kwashe kayansa daga wurin, sannan ya yi umarni aka ƙone gidansu. Sai Allah ya yi masa wahayi: me ya hana ka tsaya kan tururuwa ɗaya? A wata ruwayar: don tururuwa ɗaya ta cije ka sai ka halaka al'umma guda cikin al'ummun da ke tasbihi? Ki lura da tsarin labarin. An riga an ɗauke kayan, cutar ta wuce, wurin kuma daji ne, gidansu ne aka sauka a kai. Abin da ya biyo baya hukunta dubbai ne kan laifin ɗaya. Hadisin da kansa ya bar ƙofar kashe wadda ta yi cizon, wasu malamai ma da shi suka kafa hujjar halaccin kashe mai cutarwa. Kicin kuwa ba wurin da za ki tattara ki bar musu ba ne, kuma ɓarnar ba ta guda ɗaya ba ce, ta gidan ce gaba ɗaya, kullum suna fitowa daga rami ɗaya. Saboda haka ramin da layin ke fitowa daga cikinsa ya halatta a yi maganinsa. Wanda ke can bayan gida ƙarƙashin dalbejiya, bai taɓa shigo miki ba, ba ki da hanya a kansa.

Inda na ga gyara a aikinki shi ne tafasasshen ruwan. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa a wata tafiya Annabi (SAW) ya ga gidan tururuwa da sahabbai suka ƙone, ya tambayi wanda ya yi, suka ce su ne, ya ce bai kamata wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. Wannan ya haramta abin da wasu ke yi na tsiyaya kananzir ko fetur a rami a ƙyasta ashana, ko a zuba garwashi. Ruwan zafi ba wuta ba ne a lafazi, shi ya sa ba zan ce hukuncinsu ɗaya daidai ba, amma ƙuna ce dai, kuma hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Muslim ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za ku kashe ku kyautata kisan. Ina ganin a bar shi matuƙar akwai wata hanya, ga shi kuma akwai. Ke ba ki san hukuncin ba lokacin da kika yi, Allah kuma ya ce a Suratul Ahzab aya ta 5 babu laifi a kanku cikin abin da kuka yi kuskure. Ki yi istigfari, kada ki sake. Babu kaffara, ba azumi, ba ciyarwa. Mai harama da Hajji ko Umara ne kawai malamanmu suka ce ya ba da cikin tafi na abinci idan ya kashe irin waɗannan ƙwari.

Sharaɗin nan na "aka kasa barinta" yana nufin a fara da abin da ba kisa ba, kuma Sunna ta riga kowa faɗa. A hadisin Jabir da ke cikin Muslim an umarce mu da rufe ƙwarya, ɗaure bakin salka, kulle ƙofa da kashe fitila da dare, har aka ce wanda bai sami murfi ba ya gitta ko da kara ne ya ambaci sunan Allah. Kiyashi ba ya zuwa inda ba abinci da ruwa. Guda ɗaya cikin masu fita kiwo idan ta dace da ɗigon shayi a kan kanta sai ta koma gida tana barin wani ƙamshi a hanya wanda mu ba ma ji, sauran su bi shi, kowace ta ƙara nata, shi ne layin da kike gani. Idan kika goge hanyar da ruwan sabulu ko ruwan khal ko lemon tsami, kin ɓatar musu da sawu. Sukari da madara su koma mazubi mai murfin da ke kamawa gam, gwangwanin da aka huda da wuƙa ba ya tsare komai. Kwalbar zuma a goge bakinta a tsayar da ita cikin faranti mai ruwa, dabarar da iyayenmu ke yi wa ƙafafun gado da gwangwanaye. Kada kwanukan dare su kwana ba wanke-wanke, shara ta fita kafin a kwanta, tsagar bango a liƙe ta da siminti. Jaririn ma a goge masa baki da wuya bayan shan nono a canza zanen da ya yi tumbuɗi a kai, yawanci shi ke jawo su shimfiɗa. An ruwaito cewa sahabi Adiyyu ɗan Hatim yakan marmasa wa tururuwa gurasa yana cewa maƙwabta ne, suna da haƙƙi. Wanda ya zuba musu ɗan tsaki can nesa da ɗaki ya yi koyi da shi.

Idan an yi wannan kwana da kwanaki ba su bari ba, a sa magani. Feshi yana kashe waɗanda ke waje ne kawai, su kuwa 'yan ƙwadago ne, uwar da ke yin ƙwai tana can cikin rami, shi ya sa bayan kwana biyu sai ki ga kamar ba a yi ba. Wasu ƙananan jinsin ma feshi tarwatsa su yake yi su kafa gidaje da yawa. Abin da ya fi aiki shi ne maganin da ake gauraya da zaƙi, irin hodar boraks kaɗan cikin ruwan sukari, su ɗauka su kai gida. A shari'a wannan ya halatta a kan gidan da ke cutar da ke, ya kuma fi feshin da za a yi ta maimaitawa ana kashe na ciki da na waje.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne feshin a ɗakin girki, a gidan da ke da jariri. Ran ɗan Adam ya fi na kiyashi nauyi nesa ba kusa ba. Fiya-fiyar da ake sayarwa a kwalabe ba suna ba takarda, da maganin ƙwarin gona mai sinadarin DDVP da mutane suka mayar na ɗaka, guba ne da ke shiga ta numfashi da fata. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalabensa barkatai a kasuwa saboda rayukan da ake asara. Fesa irin wannan kusa da abinci ko inda yara ke kwana bai halatta ba, don ya faɗa ƙarƙashin hadisin ba cuta ba cutarwa kai tsaye. Haka allin nan na kashe ƙwari da ake zana layi da shi, yaro mai rarrafe zai ɗauka ya kai baki. Boraks ɗin ma a sa shi a murfin kwalba a tura bayan kabad inda hannun yaro da bakin kyanwa ba sa kai. Wanda ya yi sakaci da guba har wani ya cutu, wannan shi ne abin tambaya gobe.

Batun sukari mai sauƙi ne. Ƙwaron da ba shi da jini mai gudana mushensa ba najasa ba ne, hujjar kuwa hadisin ƙuda ne da Bukhari ya ruwaito, da aka ce idan ya faɗa abin sha a nutsar da shi sannan a cire, ba a ce a zubar ba. Masu rai ki shanya sukarin a tire a rana, za su watse da kansu. Matattun da ake iya gani a tsince ko a tankaɗe, shayi da zuma a tace. Idan sun narke cikin miya har ba a iya rabewa, malamanmu sun ce in abincin ya rinjaye su a ci, in sun kai shi yawa ko sun fi a zubar. Wanda feshin ya taɓa kuwa ki zubar da shi duka, har wanda kike kokwanto a kai, ki wanke mazubin da sabulu kafin ki sake zuba wani.

Ki gaida Hajiya, ki ce mata hadisin da ta faɗa ingantacce ne, sannan ki karanta mata maganar mai Risala a hankali.

Wallahu a'alamu.