Tururin haidirojin zai iya jan mota?

Ka ce, "Oga, in muka sa wutar batir ta raba ruwa gida biyu, muka ƙona haidirojin da oksijin ɗin suka ba da tururi, ba zai ja mota ba?" Zai ja, yaro. Tun a 1906 wata motar tururi ƙirar Stanley ta yi gudun kilomita 205 a awa a Amurka. Inda gizo ke saƙar shi ne samun gas ɗin.

Ɗauko biro. Kilo 9 na ruwa ne ke ba da kilo 1 na haidirojin. Ƙarfin wannan kilon wajen kilowat-awa 33 ne, bai cika na lita 4 na fetur ba, amma kafin ka fitar da shi sai ka ci wutar kilowat-awa wajen 50. Altanetar ƙaramar mota, wato na'urar da ke cajin batir, mai bolt 14 da amfiya 80, kilowat ɗaya da 'yan kai take bayarwa, sai ta yi kusan kwana biyu tana juyawa. Wa ke juya ta? Injin, da fetur ɗinka. Kuma da wannan kilon ko Alkaleri ba za ka kai daga nan Gombe ba.

Tururin ma da nasa rigimar. Harshen wutar gas biyun nan yana kai digiri 2800, ya fi ƙarfin ƙarfe, dole a riƙa fesa ruwa cikin ɗakin ƙonawa domin zafin ya sauka, tururin ya ƙaru. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batir ake sawa, ba asid ba. Na burtsatse yana barin farin gishiri a jikin bututu, ya toshe shi, bututun ya yi ja ya tsage. In tururi ya zarce zoben fistin kuwa, baƙin mai ya koma kamar madara, metal, wato boris ɗin da sandar injin ke juyawa a kai, ya tafi.

Abin da nake so ka riƙe da kyau: kada ka taɓa tara gas biyun a tulu ɗaya. Haidirojin yana kamawa ko da kashi 4 cikin 100 ne a iska, kuma da rana da ƙyar ake ganin harshensa. A haɗe da oksijin, wutar kan bi tiyo ta koma baya har tulun. Kowanne da tulunsa da tiyonsa, da abin tare wuta irin na masu walda a kan kowane layi. Kada giris ko mai ya taɓa kan tulun oksijin. Yoyo kuma da ruwan sabulu ake nemansa, ba da ashana ba.